Tambaya da Amsa: Kwamfuta ta yi zafi ta ɗauke, kuma ta ƙi tashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe, ina zaune a Tudun Wada da ke Kaduna. Ina da laftof ta hannu da na saya bara. Tun da bazara ta kama fankarta take ƙara sosai, ƙasanta kuma yana ɗaukar zafin da ba na iya ɗora ta a cinya. Rannan da rana ina cikin rubuta furojet ɗina, na ajiye ta a kan katifa, sai ta ɗauke gaba ɗaya. Daga lokacin, idan na danna maɓallin kunnawa fitilarsa tana kamawa, fanka ta juya, amma fuskar ta tsaya baƙa ƙirin. Wani mai gyara ya ce firosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta ƙone, sai an sauya madabod, babban allon da sauran sassan ke jone a kansa. Wani kuma ya ce in kawo ya gasa madabod ɗin da iska mai zafi. Duk aikina yana ciki. Mene ne abin yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda da ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu tukuna, domin a yadda ka bayyana, duk an yanke su ne ba tare da an gwada komai ba, kuma su ne mafi tsada da mafi haɗari a cikin abin da za a iya yi wa kwamfutar.

Abu na farko shi ne ka ceto aikinka. Rubuce-rubucenka suna cikin ma'adanar bayanai, wadda masu gyara ke kira had-dis, ko kuma SSD idan ta zamani ce, kuma da wuya zafin da ya kashe kwamfuta sau ɗaya ya taɓa abin da ke cikinta. A yawancin laftof ana iya kwance murfin ƙasa a zare ta, a saka ta a ɗan akwatin da ke jona ta da wata kwamfutar ta kafar USB, a kwashe abin da ake so. Ka sa a yi wannan a gabanka kafin a taɓa wani abu. Matsala ɗaya da kan taso ita ce idan Windows ta kulle ma'adanar da tsarin BitLocker, za a nemi mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi yake ajiye a asusunka na Microsoft, kuma za ka iya duba shi ta wayarka. Akwai ƙananan laftof masu arha da aka liƙa ma'adanarsu a jikin madabod, ba ta ciruwa. Idan taka irin wannan ce, to ka sami ƙarin dalilin hana kowa kusantar ta da iska mai zafi.

Sai maganar ƙonewar firosesa, wadda ake yawan faɗa fiye da yadda take faruwa. Firosesar Intel ko ta AMD tana da ma'aunin zafi a cikinta. Idan zafi ya kusa iyakarta, wato wajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas gwargwadon samfurinta, sai ta rage gudun aikinta da kanta, shi ya sa kwamfuta ke yin nawa idan ta yi zafi. Idan hakan bai wadatar ba, sai ta sa a yanke wutar baki ɗaya. Ɗaukewar da ka gani kariya ce ta yi aikinta. Waɗanda zafi ya fi yi wa lahani su ne maƙwabtanta: batir, da kafasitoci, wato 'yan sassan da ke ajiye wuta, da ƙananan sassan da ke rarraba wuta a madabod, da dalmar da ke riƙe da wasu sassan, da kuma zaman RAM, wato ɗan allon da ke riƙe aikin da kwamfuta take cikin yi, a mazauninsa, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, kuma yawan hakan yana iya sassauta haɗuwar haƙoransa da na mazaunin.

Dalilin zafin kuwa ba ɓoyayye ba ne ga wanda ke zaune a Kaduna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fanka tana zuƙar ƙurar hunturu, ƙurar ta haɗu da zaren tufafi ta taru tsakanin fankar da siraran haƙarƙarin ƙarfen da iska ke bi ta fita, har ta dunƙule kamar audugar katifa. Daga waje ba a ganin ta, sai an ɗaga fankar. Sannan Maris da Afrilu su zo da zafin da kan wuce digiri 35 da rana, alhali 35 ɗin ita ce iyakar zafin ɗaki da yawancin kamfanonin laftof suka rubuta a takardunsu. Ka ƙara da katifar da ta toshe ƙofofin iska na ƙasa, da man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya, wanda a kwamfuta ta hannu mai yiwuwa ya bushe tun kafin ta shigo ƙasar nan.

Kwamfutar da ta ƙi tashi tana cikin ɗayan hali uku. Ko dai babu fitila babu motsi, wanda ke nuna wuta ba ta shiga. Ko fitila ta kama fanka ta juya amma babu hoto. Ko kuma tambarin kamfani ya fito sannan ta sake mutuwa ko ta tsaya. Taka tana cikin na biyu, kuma wannan labari ne mai daɗi, domin wuta tana shiga tana kuma isa wasu sassan. Abin da ya rage shi ne a gano ko kwamfutar ta tashi fuskar ce kawai ba ta nuna ba, ko kuma ta tsaya ne a binciken da take yi wa kanta kafin ta kira Windows.

Ka fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Ka cire caja da duk abin da ke jone da ita, filas da linzami da katin ajiya, ka cire batir idan mai ciruwa ne, sannan ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 domin ragowar wutar da ke maƙale a madabod ta zube. Daga nan ka jona caja kaɗai, ba tare da batir ba, ka kunna. Wannan ɗan aikin yana tayar da kwamfutoci da dama da ƙaramar na'urar da ke kula da wutarsu ta rikice bayan ɗaukewar gaggawa. Idan batir ɗin na ciki ne, wasu laftof ɗin ThinkPad na Lenovo suna da ɗan rami a ƙasa da ake sa allura a danna domin yanke wutar batir ɗin. A sauran, mai gyara zai zare wayar batir daga madabod. Ka kuma duba ko wurin da kake shafawa da yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki. Idan haka ne batir ya kumbura, kada ka sake jona caja, kada a matsa shi ko a huda shi, domin batirin litiyam yana iya kamawa da wuta.

Cajar ma a gwada ta, ko da fitila tana kamawa. A jikinta an rubuta abin da take bayarwa: yawancin na HP da Dell bolt 19.5 ne, na Lenovo bolt 20. Mitar awon wuta za ta nuna ko tana kai wannan adadin, amma caja mai rauni tana iya nuna daidai a mita ta kuma gaza idan kwamfuta ta ja wuta, saboda haka aron caja irin taka daga abokin karatu ya fi awon mita tabbas.

Bayan wannan ka gwada fuskar. Ka kunna kwamfutar ka jira kamar minti ɗaya, ka danna maɓallin Caps Lock ka ga ko ƙaramar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa yadda ka danna. Idan tana amsawa, alama ce mai ƙarfi cewa kwamfutar ta tashi. Ka haska tocilan waya a jikin fuskar a ɗaki mai duhu. Idan ka hango hoto dishi-dishi, hasken bayan fuskar ne ya mutu. Ka kuma jona ta da talabijin ta wayar HDMI. Idan hoto ya fito a can, matsalar tana fuskar ko wayar da ke bi ta maɗaurin murfi, kuma galibi babu ruwan madabod. Ba ka faɗi kamfanin kwamfutarka ba, amma idan Dell ce, ka danne harafin D ka kunna, fuskar za ta riƙa sauya launuka ita kaɗai idan lafiyarta ƙalau.

Idan babu hoto ko'ina, to ka zuba ido a kan fitilun, domin kwamfutar da ba ta iya rubutu a fuska tana faɗin ciwonta da ƙiftawar fitila ko da ƙara. A laftof ɗin Dell na shekarun baya-bayan nan, fitilar batir tana ƙiftawa da ruwan lemo sannan da fari: ruwan lemo sau 2 da fari sau 3 yana nufin ba ta ga RAM ba, 2 da 7 fuska ce, 2 da 1 kuwa shi ne yake nuni ga firosesa. A tsofaffin HP fitilar Caps Lock ce take ƙiftawa: sau 2 tsarin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ya lalace, sau 3 RAM, sau 4 ɓangaren hoto. Sababbin HP suna haɗa doguwar ƙiftawa da gajera, kuma ma'anar tana bambanta daga samfuri zuwa samfuri, don haka ka ƙirga da kyau, ka ɗauki bidiyonta da waya, ka nemi fassarar a littafin samfurinka da ke shafin kamfanin. Mai gyaran da ya ce firosesa ta ƙone bai kuma ƙirga wannan ƙiftawar ba, zato ya faɗa maka.

A irin alamar da ka kawo, RAM nake fara zargi. A cire caja da batir, a buɗe murfin, a ture ƙananan ƙarafa biyu da ke riƙe da shi ta gefe, zai ɗago da kansa. A goge haƙoransa masu ruwan zinariya da robar goge rubutun fensir a hankali, a kaɗe ɓurɓushin, a mayar da shi a karkace har haƙoran su nutse, sannan a danna shi ƙasa sai an ji ya ce ƙas. Idan guda biyu ne, a gwada kowanne shi kaɗai a kowane mazauni. Akwai kuma gwajin da nake so: a cire RAM gaba ɗaya a kunna. Idan kwamfutar ta yi ƙorafi da ƙara ko ƙiftawa, madabod yana da rai har yana lura da abin da aka ɗauke masa. Idan ta yi shiru daidai da yadda take yi da RAM a ciki, zargi ya koma kan madabod. Sharaɗin dai shi ne a sauya abu ɗaya a kunna, a ga sakamako, kafin a taɓa na biyu. Wanda ya sauya abu uku lokaci guda, ko ta tashi bai san wanne ne ya warkar da ita ba, kuma kai za ka biya kuɗin ukun.

Idan RAM ya fita daga zargi, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, wanda galibi CR2032 ne mai bolt 3, na 'yan mintoci domin saitin BIOS ya koma na asali. A HP akwai hanyar farfaɗo da BIOS ta danne maɓallin Windows da harafin B tare da maɓallin kunnawa.

Sai bayan duk wannan ake maganar madabod, kuma ko a nan ba sauyawa ce ta farko ba. Ƙwararren mai gyara zai sa mita ya bi layukan wuta, ya ga ko bolt 3.3 da bolt 5 suna nan, ya nemi sashen da ya haɗe ko yake ɗaukar zafi shi kaɗai. Sau da yawa abin da ya mutu ƙaramin sashe ne da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ka tambaye shi kai tsaye: me ka auna, nawa ka samu?

Maganar gasa madabod kuwa tana da asali. A 2008 kamfanin Nvidia ya amince cewa wasu na'urorinsa na hoto da ke cikin laftof suna lalacewa fiye da kima saboda raunin kayan haɗinsu idan zafi yana hawa yana sauka, har ya ware dala miliyan 196 domin gyara da sauyawa. Abin ya shafi kwamfutocin HP da Dell da Apple na wancan zamanin. Masu gyara a ko'ina suka lura cewa idan aka hura wa na'urar iska mai zafi hoto yana dawowa, sai dabarar ta bazu ta zama maganin kowace baƙar fuska. Amma sauƙin na ɗan lokaci ne, makonni ko watanni, kuma dalmar zamani ba ta narkewa sai wajen digiri 217, zafin da ke lanƙwasa madabod ya dafa sassan da ke kusa idan ba a iya sarrafa shi ba. Bugu da ƙari, yawancin laftof ɗin ɗalibai a yau ba su da na'urar hoto ta daban, tana cikin firosesa, saboda haka babu ma abin da za a gasa.

Idan Allah ya sa ta tashi, kada ka koma aiki sai an cire fankar an share ƙurar da buroshi, an goge tsohon man da sipirit an sa sabo ɗan kaɗan. Idan za a hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. HP takan nuna lambar 90B idan fanka ba ta aiki daidai, da 90D idan zafi ne ya kashe ta. Ka saka manhaja irin HWMonitor ko Core Temp ka riƙa dubawa: idan ba ka aikin komai amma zafin yana kai digiri 70 ko 80, sanyayawar ba ta gyaru ba. Ka riƙa ɗora ta a kan tebur ko faranti, ka kuma ajiye kwafin furojet ɗinka a imel ko Google Drive kullum.

TAMBAYA: Ina da shagon buga takardu da kwafi a Kawo. Kwamfutar teburinmu tana aiki tun safe har dare, rabin lokaci da janareta. Ta mutu da la'asar, mun ji ɗan ƙauri, bayanta kuma ya yi zafi ƙwarai. Yanzu idan an kunna, fanka takan motsa sau ɗaya ta tsaya. Yaron shagona ya ce mu sayi wata. Ko akwai abin da za a duba?

AMSA: Akwai, Hajiya, kuma ina kyautata zaton ba za ki sayi wata ba. Ƙauri da zafi a bayan akwatin suna nuna akwatin wutar da ke ciki, wanda ake kira fawa-fak. Yana da fankarsa, idan ƙura ta tsayar da ita sai ya dafu a hankali ba wanda ya sani. Kafasitocin da ke cikinsa suna da ruwa, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin tsawon ransu. Wutar janareta mai hawa da sauka tana ƙara masa wahala. Motsin fanka sau ɗaya kuwa yana nufin wuta ta taso, kariya ta ga abin da bai yi mata ba, ta yanke. Ko dai fawa-fak ɗin ne ya gaza, ko kuma wani abu da yake ciyarwa ya haɗe.

Mai gyara zai raba gardamar cikin 'yan mintoci. Zai zare dukkan wayoyin fawa-fak daga madabod da ma'adana, ya ɗauki babban kan nan mai ramuka 24, ya haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan guntun ƙarfe, sannan ya jona wuta. Idan fankarsa ba ta juya ba, mai yiwuwa ya mutu. Idan ta juya, ba a gama ba, sai an sa mita: rawayar waya bolt 12, ja bolt 5, mai ruwan lemo bolt 3.3, kuma ba a yarda su kauce da fiye da kashi 5 cikin 100 ba, wato rawayar ta tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Wannan gwajin na fawa-fak ne mai tsarin gama-gari da ake kira ATX. Ƙananan kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo da suka cika kasuwa da yawansu suna da nasu tsarin wayoyin, a nan sai a gwada da wani irinsa. Ki hana yaron shagonki buɗe akwatin fawa-fak ɗin kansa, domin manyan kafasitocinsa suna riƙe wutar da ke iya yi wa mutum illa bayan an zare soket. Sauya shi ake yi.

Idan fawa-fak ya fita lafiya, a rage kwamfutar zuwa madabod da firosesa da fankarta da RAM guda, a kunna, sannan a riƙa mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wanda yake kashe ta. A duba kafasitocin da ke kewaye da firosesa: kansu a shafe yake, duk wadda ta kumbura ko ta fitar da wani abu ruwan ƙasa ta lalace, kuma ana iya sauya ta. A girgiza ƙarfen sanyaya a hankali a ga ko ƙafafunsa na roba sun saki, a kuma tabbatar wayar fankarsa da wayar wutar firosesa mai ramuka 4 ko 8 suna zaune. Idan ta gyaru, ki janye akwatin daga jikin bango da kuma gefen injin kwafi, wanda shi ma zafi yake fitarwa, ki ɗaga shi daga ƙasa, ki sa UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta, ko sitabilaiza tsakaninta da janareta.

TAMBAYA: Daga Rigasa nake. Na ji ana cewa idan laftof ta yi zafi a sa ta a firji ta huce da sauri, kuma man goge baki yana maye gurbin man firosesa. Gaskiya ne?

AMSA: Duka biyun ka bar su, Malam. Idan ka fito da kwamfuta mai sanyi cikin iska mai ɗumi, raɓa za ta kwanta a kan madabod, kuma kunna ta a wannan halin yana iya haɗa wuta ya kashe abin da zafin bai kashe ba. Ka kashe ta, ka cire caja, ka buɗe murfinta a inuwa gaban fanka na rabin awa, ya wadatar. Man goge baki kuma ruwa ne ya yi masa yawa, zai bushe cikin ɗan lokaci ya zama gari, zafin ya dawo fiye da da. Man firosesa na gaskiya ana samun sa a shagunan kayan kwamfuta a cikin ɗan sirinji, kuma abin da ake ɗigawa a tsakiyar firosesa bai wuce girman ƙwayar wake ba, don haka sirinji ɗaya zai yi maka gyara da yawa.